Hannun da Ban Goge Ba

Salins, 3 ga Maris, 1857

Ɗana Firmin,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya Paris, yaya aiki, yaya tarin nan da ke damunka? Na ga mahaifiyarka a kasuwa ranar Litinin, tana nan da ƙarfinta.

Mutane da yawa a nan sun ɗauka ku masu zanen zahiri muni kuke so, shi ya sa kuka bar sarakuna da mala'iku kuna zana 'yan dako da masu wanki a kan ƙyalle mai girman bango. Ni ma haka na ɗauka, ka kuma sha jin hakan daga bakina. Shekara talatin ina koya wa ɗalibai cewa aikin mai zane gyara ne: ya dubi mutum, ya tuna gumakan Girkawa da ke jere a ajinmu, ya cire abin da bai dace ba. Yau ga ni ina neman alfarma wurin ɗalibin da ya ƙi jin maganata.

Matata Honorine ta rasu, yau mako uku. Zazzaɓi ne, kwana shida. Na kasa rubuto maka sai yanzu.

Sau huɗu na zana ta a zamanmu. Bayan jana'iza na jera zanukan na zauna ina kallo, babu matata a cikinsu. Ka tuna fatar idonta na hagu da ta ɗan sauko? Na ɗaga ta. Hancin ma na miƙar. Ita kanta takan tsaya gaban babban zanen ta riƙe ƙugu ta ce, "Anselme, wace ce wannan baiwar Allah? Ce mata ta sauko ta taya ni wanke-wanke." In yi ta dariya, ashe magana take faɗa mini.

Yanzu in na rufe ido, fuskar zanen ce ke zuwa, tata sai ƙara nisa take yi. Wannan ne ke ba ni tsoro.

Shekarar da za ka tafi, ka zana ta da gawayi a ɗakin girki tana fere dankali. In takardar tana nan, don Allah ka aiko mini.

Ka gaida abokan aikinka.

Malaminka,
Anselme Vuillemin

Salins, 29 ga Maris, 1857

Ɗana Firmin,

Ina gaishe ka, ina kuma godiya da ta'aziyya. Na ji daɗi da tari ya lafa. Saƙo ya iso, na kuma gane abin da ya sa ka rubuta a bayansa cewa in zauna kafin in buɗe.

Na manta, Firmin. Allah ya sani na manta. Sai da na ga takardar komai ya dawo mini. Na tsaya a bayanka ranar, na gutsuri cikin burodi na mulmula, yadda muke goge gawayi a aji. Na share idon, na share tattarar goshi, na sa nawa layin. Na ce maka, "Matar malaminka ce, ka mutunta ta." Kunnuwanka suka yi ja. Ita kuwa ta ɗago ta ce, "Malam, da burodin da na gasa da safe kake goge ni?"

Fuskar da ke takardar baƙuwa ce ta biyar. Na ɗaga ta a hasken taga ko zan ga sawun gawayinka a ƙarƙashi. Babu komai. Ashe na iya gogewa.

Amma a ranar, miya ta tafaso, ta kore mu daga ɗakin kafin in kai ƙasan takardar. Hannunta na hagu yana nan yadda ka gan shi: yatsan da wuƙar yankan inabi ta lanƙwasa tun tana budurwa, zoben aure ya nutse cikin nama, ɓawon dankali yana reto. Ni ban taɓa zana yatsan nan ba, kullum nakan ɓoye shi cikin riga. Da shi take ƙwanƙwasa tebur in na cika surutu. Ina ganinsa na ji ƙwanƙwasar.

Abin da ya rage mini ke nan daga shekara talatin da huɗu na aurenmu, faɗin tafin hannu, shi ma kai ka ajiye mini.

Kada sukar da masu jarida ke yi wa zanenku ta karya maka gwiwa. Ba muni kuke nema ba, kun ƙi yarda a goge mutum ne. Jiya na juya gumakan aji suka dubi bango, na kira tsoho Onésime mai sharar makaranta ya zauna a zana shi. Ya ce, "Malam, bari in je in yi aski, kada a kai ni Paris kamar bunsuru." Na ce in ya taɓa gemun nan mun ɓata. Ɗalibai suka fito da burodinsu, na ce su cinye.

Ka zo gida lokacin bikin Ista. Mahaifiyarka za ta so ta sa rigar coci ta ɓoye hannuwanta, kada ka yarda. Ka zana ta yadda ka same ta, ka kuma fara da fuska. Ni ba zan tsaya a bayanka ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Naka, mai kewarka,
Anselme