Ƙofar Bayan Shago

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara da Inna kuna lafiya.

An ba ni zauren da zan nuna zanena wata mai zuwa. Mai zauren ya dage sai na faɗi gwanayen da na koya a wurinsu, har ya jero mini sunaye, duk maza. Dariya ta kama ni. Ni a bayan shagon Baba na koyi launi. Kin tuna ƙofar katakon da Inna take goge burushi a jikinta in ta gama haɗa masa fenti? Shi ya rubuta allon talla ya sa sunansa, ita ta koma wankin gwangwani. Wallahi har warin kananzir ɗin nake kewa. Ina so a ciro mini ƙofar in kafa ta a tsakiyar zanena, da sunan Inna. Ki roƙar mini ita.

Taki,
Auta

Auta,

Mun amsa gaisuwa. Kowa lafiya, sai gwiwar Inna.

Ke dai ba kya girma. Zanen naki da ba mutum ba tsuntsu bai ishe ki ba, sai kin kai dattin gidanmu gaban baƙi? Inna ta ce a'a, kada a mai da ita abin dariya da tsufanta. Kuma wanda ya karɓi shagon tun rasuwar Baba zai shafe ƙofar da farin fenti ƙarshen mako. Ga hoton ƙofar na ɗaukar miki, ki haƙura da shi.

Ki huta lafiya,
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na haƙura, amma sai da na yi kuka. Na sa an wanke hoton babba, na rataye a ɗakina. Ga yadda ya zauna, ki nuna wa Inna.

A gaida Inna da jiki,
Auta

Auta,

Barka da aiki. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sai ta ɓata rai, wai kin kifa shi. Ta ce, "Shuɗin a ƙasa yake. Jan can kuma ban gama ba babanku ya kira ni."

Auta, ashe ba goge burushi take yi ba, mu ne ba mu taɓa tambaya ba.

Yau da safe ta sa aka ciro ƙofar. Ta ce ba za ta ba ki ba sai ta ƙarasa. Ki aiko mata da jan fenti, mai kyau.

Allah ya bar zumunci,
Yayarki