Ƙararrawar Ƙarfe Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Yau wata bakwai da mota ta kaɗe ni. Ba wanda ya tuna. Ni ma sai da waya ta nuno min tsohon hotona, ina tsaye da takalmi mai tsini. Na daɗe ina kallon ƙafafun nan kamar na wata. Daga wuya zuwa ƙasa shiru kake ji, kafaɗa ce kawai nake ɗan ɗagawa. Da wata ƙaramar sanda da nake riƙewa da baki nake latsa rubutun nan, harafi ɗaya-ɗaya, har haƙorana su yi tsami. Ni da nake tura saƙo goma kafin mutum ya amsa ɗaya!

Laraba, 5 ga Maris

Ga yadda darenmu yake. Ƙarfe goma Umma ta kwantar da ni ta gefe. Filo a baya, filo tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri don kar dunduniya ta taɓa katifa. Sha biyu a juya ni, biyu a juya, huɗu a juya, sai ka ce ana gasa ni. Wayata ce ke buga ƙararrawa, tana maƙale a ƙarfen gado daidai fuskata. Nas ta ce in aka bar ni a gefe ɗaya fata za ta mutu ta zama gyambo, kuma ba zan ji ba sai ya ci ya yi zurfi.

Umma ta koma kamar tsinke. Jiya tana ɗaga ni na ji bayanta ya ce ƙas, ta cije leɓe. Na ce Umma lafiya? Ta ce "Ke dai yi barcinki."

Barcin me. In ta koma tabarmarta ni da silin muke zama.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗora hoto. Mutum arba'in da ɗaya sun gani, uku sun turo hannun addu'a. Ko mutum ɗaya bai tsokane ni ba. Ni fa tsokanar nake kewa.

Asabar, 8 ga Maris

Baba kullum iyakarsa bakin ƙofa. "Ya jiki?" Da sauƙi Baba. Ya juya shago, sai in riƙa jin keken ɗinkinsa ta bango. Da can Rediyo yake ce min, wai ba ni da wajen kashewa. Yanzu ko sunan ba ya kira. Shi ya aike ni kai ɗinki ranar da motar ta kaɗe ni. Wallahi ban riƙe shi a rai ba, amma ta ina zan faɗa wa mutumin da idonsa ke kan labule?

Lahadi, 9 ga Maris

Na yi wani abu. Bayan juyin sha biyu na sa sanda na kashe ƙararrawar ƙarfe biyu. Umma ta yi awa huɗu a jere, har da minshari. Na kwanta ina sauraro kamar waƙa. Da safe ta ce ita fa ba ta tuna juyin biyu ba. Na ce kin yi mana, cikin magagi. Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta.

Laraba, 12 ga Maris

Dare huɗu ke nan. Ba abin da ya faru. Ai ba na jin komai.

Alhamis, 13 ga Maris

Nas ta zo. Ta buɗe kwankwasona na hagu. Wurin ya yi duhu, ya ɗau zafi, ta danna bai sake ba. Ta ce bai fashe ba tukuna, amma yana bakin hanya, in ya fashe wata da watanni ne a asibiti. Ta juya kan Umma, "Mama, ana juyin nan kuwa?" Umma ta fara rantsuwa.

Sai na faɗa. Duka.

Umma ba ta yi min faɗa ba, da ta yi ma da ya fi. Zama ta yi a ƙasa ta ce "Ni kike tausayi? In kika rube ina barci, wa na huta wa?" Nas ta ce ni da nake kwana bincike a waya ai na fi kowa sanin abin da na yi. Gaskiya ce.

Can ta ɗaga rigar barcina ta ce ga wani layi ma ya fito a fata, ɗinkin gefen ya yi kauri, ya kwanta daidai kan ƙashi. "Wane tela ne ya yi wannan?"

Daga bakin ƙofa aka ce "Ni ne."

Ashe Baba yana tsaye tun ɗazu. Ya shigo. Ya SHIGO, har gaban gado. Ya karɓi rigar ya murza ɗinkin da yatsa, ya tambayi nas abu biyu uku ƙasa-ƙasa, ya fita da rigar.

Juma'a, 14 ga Maris

Keke bai yi shiru ba wuni guda. Da yamma sai ga shi da riguna uku, ɗinkinsu duk ta waje, ba maɓalli ba zif. Na ce Baba ai za a ce a bai-bai na sa riga. Ya ce waye zai ce, sauro? Ya kuma kawo wani zani mai kauri da ya yi wa hannaye huɗu, a shimfiɗa ƙarƙashina, a ja kawai in juya, ba sai an ɗaga ni ba. Ya ce da Umma, "Sha biyu naki. Biyu da huɗu nawa." Ta buɗe baki, ya ce ya gama magana.

An hana ni kwanciya ta hagu sai wurin ya warke. An kuma mayar da ƙararrawa wayar Umma. Ni na jawo wa kaina.

Lahadi, 16 ga Maris

Jiya kafin biyu ta cika Baba ya shigo da fitilar shago. Ya ja zanin, na juya sumul. Sai ya hau shafe zanin gado da tafin hannu kamar yadin da zai yanka, ko 'yar tattara ɗaya bai bari ba. Filo ne ya rikita shi, ya cusa na gwiwa a baya. Na ce a'a Baba, wancan mai laushin, ɗaga dunduniyar, ƙara kaɗan, yawwa. Daga nan ban san yadda aka yi ba na hau ba shi labarin nas da mijinta, da ƙawata da ta canja lamba, da wata mata a guruf ɗin masu irin ciwona da kyanwarta ke kwana a kan cikinta. Ya zauna a kujera yana ta "uhm". Maganar aiken nan ta zo min har baki, na bar ta. Akwai gobe ƙarfe biyu.

Can ya ce "Rediyo, rage murya, uwarki na barci."

Na yi kamar ban ji sunan ba.

Tabon na nan, nas ta ce ya ɗan sassauta. Juyin huɗu ban san an yi ba, Umma ce ta ce an yi. Ban duba mutum nawa suka ga hotona na jiya ba. Mantawa na yi, ba wani abu ba.