Abin da Na Taɓa a Dantsen Matar Yayana

Assalamu alaikum, Malama. Don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina farawa ina yagewa. Kada ki sa sunana.

Ni mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai. Karatuna na allo ne, na sauke, na ɗan taɓa littattafai a gaban mahaifinmu kafin Allah ya karɓi abinsa. Shekara goma sha tara ke nan, idan mace ta rasu a unguwarmu ni ake kira wanka. Ina da bokitaina biyu da butata da almakashin yanka likkafani, suna bayan ƙofar ɗakina, ba a taɓa su don wani aiki. Tsohuwar da ta koya min, tun kafin ta nuna min yadda ake juya mamaciya, ta ce da ni abin da ido ya gani a ɗakin nan a ɗakin ake barinsa. Na riƙe. Maigidana ma ya daina tambayata, cewa yake ya auri akwatin da makullinsa ya ɓata.

Damuwata a kan yayana ce. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ɗan majalisar yankinmu ne, zaɓe kuma ya matso. Bana sai ya ɗauko maganar rufe ɗakin tazarar haihuwa na asibitin unguwa. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, gaba da wurin awon ciki, benci biyu ne a ƙofarsa sai wani koɗaɗɗen labule. Yaya ya ce ɗakin yana ɓata tarbiyya, yana kuma rage al'umma. An buga takarda, ana so mata su dangwala yatsa, a kai majalisa nan da sati biyu. Da kansa ya kawo min ita har gida, da tawadar dangwalen, ya ce layin farko nawa ne, domin matan unguwa in suka ga yatsana ba za su tsaya karantawa ba. Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi tayar min da hankali ke nan.

Malama, 'yata ta fari tana cikin masu zama a bencin nan. A haihuwarta ta uku jijjiga ta kama ta, aka yi mata aiki, ta kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Ina tsaye a barandar asibiti, Allah ya yafe min, abin da nake tunani shi ne wa zai wanke ta, don na san hannuna ba zai iya ba. Allah ya tashi kafaɗarta. Likita ya ce ta huta sosai kafin wani cikin. Mijinta, bawan Allah makaniki, bai yi musu ba, shi ke kai ta a babur duk wata uku a yi mata allura. Saura sati biyar a yi mata ta gaba. Yaya bai san da wannan ba, don 'yar tawa kunyarsa take ji.

Ga kuma abin da ya tsaya min a wuya. Bara waccan matar Yaya ta rasu bayan gajeriyar jinya, ni na wanke ta. Da na ɗaga hannunta na hagu, sai na ji ɗan abin nan mai kamar tsinken ashana da ake sa wa mata a ƙarƙashin fatar dantse don hutun haihuwa. Na san shi, na sha taɓa shi a hannaye da yawa. Na ci gaba da zuba ruwa. Tara ta haifa masa, na taran da ƙyar ta sha. To yanzu duk taron da Yaya ya tsaya, sai ya ce marigayiya ta haifa masa tara kuma ƙafarta ba ta taɓa taka ɗakin nan ba. Idonsa har kawo ruwa yake, kuma na yarda hawayen na gaskiya ne.

Kalma ɗaya zan faɗa masa, ina jin zai yage takardar. Kullum sai zuciyata ta kawo min kalmar har bakin leɓe, in maida ita. Ya zo karɓar takarda, na ce masa tawadar ta bushe. Washegari ya kawo sabuwa, har biyu. Tun ranar nake istigfari a kan ƙaryar da ba ta ma yi min amfani ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma ba duk abin da ake yi a ɗakin na gamsu da shi ba. Maƙwabciyata ta yi watanni tana fama da jini bayan allura, ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Ni kuma ba malama ba ce da zan yanke hukunci. Na dai gaji. Na gaji da sanin abin da ba ni da ikon faɗa. In faɗa masa don in ceci 'yata da 'ya'yan mutane? In dangwala don zumunci? Ko in ci gaba da ɓuya a bayan tawada?

Daga 'yar'uwarki mai nauyin baki.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da farko, na sauya wasu lambobi da alamu a wasiƙarki don kada a gane gidan, ki kwantar da hankalinki.

Kada ki faɗa masa. Marigayiya ba za ta tashi ta yi bayanin kanta ba. Sannan kin tabbata bai sani ba? In bai sani ba, za ki ɓata masa matar da yake kuka a kanta, ki bar 'ya'yanta da tambayar da babu mai amsa musu. In kuma ya sani, kin kama shi da ƙarya, mutumin da aka kunyata kuwa ba kasafai yake saukowa ba, ƙara taurin kai yake. Ki tuna da matan unguwa ma. Ranar da suka ji bakinki ya buɗe sau ɗaya, ko da don alheri ne, kowace sai ta shafa dantsenta ta tuna wata rana a hannunki za ta kwanta.

Amma kada ki dangwala. Yatsanki ba naki ne ke kaɗai ba, shi kansa Yaya ya faɗa. Ki daina fakewa da tawada. Ki ɗauki takardar ki kai masa gida, lokacin da mutanensa ba sa nan, ki ce ba za ki iya ba.

Shi ma ki yi masa adalci. Zaɓe yake hange, gaskiya ne, amma tsoron da yake faɗa akwai mutanen kirki da ke jin sa, kuma abin da ya sami maƙwabciyarki laifi ne da ya cancanci ƙorafi. Sai dai maganinsa gyara ne. Ki ba shi hanyar sauka ba tare da jin kunya ba: ya juya takardar ta koma neman a ƙara ma'aikata, a riƙa yi wa mace da mijinta cikakken bayani, a kuma bibiyi wadda magani bai karɓe ta ba. Irin wannan takardar ki ce ke za ki fara dangwala mata. Maganar hukunci kuwa, ki nemi malamin da ku duka kuke girmamawa, ku kai masa tambayar macen da likita ya ce ciki na iya kashe ta, kuma mijinta ya yarda ta huta.

Batun 'yarki kada ki jira sati biyar. Cikin satin nan su je ita da mijinta wurin ma'aikaciyar ɗakin, su tambayi abin da ya fi daɗewa kuma ya dace da jikinta, su karɓi takardar likita, su san wane asibitin za su koma in an rufe nan.

Kin ce kin gaji da sanin abin da ba ki da ikon faɗa. Akwai wanda kike da iko da shi. Ki nemi izinin 'yarki da mijinta, sannan ki gaya wa yayanki abin da kika gaya min: cewa kin tsaya a baranda kina tunanin wa zai wanke ta. Wannan sirrin naki ne, ba na mamaciya ba. Ki kuma faɗa masa mata nawa kika suturta da jaririnsu na kuka a ɗaya ɗakin, ba suna, ba gida.

Zai iya yin fushi, ya ɗauke miki ƙafa na wani lokaci. Ke kada ki ɗauke taki, ki ci gaba da leƙa marayunsa. Ba zan yi miki alkawarin ba za a rufe ɗakin ba, amma in an rufe, ba da yatsanki ba, kuma ba da amanar matar yayanki ba.

Allah ya sassauta miki, ya ƙara wa 'yarki lafiya, ya jiƙan marigayiya. Allah ya sa bokitan nan naki su daɗe a bayan ƙofa ba a neme su ba.