Minti Uku da Suna Ɗaya

Taura, Litinin

Zuwa ga 'yata Mashkura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya aikin gidan rediyo? Direban motar Dutse na bai wa takardar nan, don waya ba ta ɗaukar irin wannan magana.

Makarantar da yayanki ya koyar kafin Allah ya karɓi abinsa za ta sa wa ɗakin karatu sunansa ranar Asabar ta sama. Wai ni za a miƙa wa lasifika, minti uku. Ni da ko a gidan suna sai an zungure ni nake cewa amin! Ke da magana ce sana'arki, koya mini. Amma kin sani ɗana ne na fari. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa kiran sunansa ba, "Malam" nake cewa, ko "wancan". Yaya ake jawabi a kan mutum ba a ambace shi ba?

Goggonki,
Safiyatu

Dutse, Laraba

Goggo,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ki. Takardarki ta sa ni dariya, ta sa ni hawaye.

Kada ki haddace komai. Ki yi sallama, ki gaida manya a dunƙule, don in kika bi su ɗai-ɗai yadda kika saba, har da ya gajiya ya iyali, minti ukun sun tafi. Sai labari ɗaya tak a kansa, ki rufe da addu'a. Ki riƙa gwadawa a tsaye, da murya, ba a zuci ba. Ranar kuma ki ja numfashi kafin ki fara, ki zaɓi fuska ɗaya ki yi mata magana. Batun suna, "marigayi" ya isa, ba mai ganin laifinki.

Abin haushi, ranar an tura ni aiki Garki. Ki rubuto mini yadda aka yi.

'Yarki,
Mashkura

Taura, Lahadi

Mashkura,

Ina gaishe ki. Na bi maganarki. Kullum da hantsi ina shiga gonar dawa da muciya a hannu, ita ce lasifikata. In iska ta kaɗa, sai zangarniyoyin nan su riƙa gyaɗa kai, har in ga kamar ɗalibansa ne jere cikin fararen kaya. Wani lokaci sai in hango shi can ƙarshen kunya, hannu a baya, hular nan a karkace, yana sauraro. Ba na jin tsoro. Daɗi nake ji.

Ga labarin da na zaɓa. Shi ya koya mini karatun boko da girmana, a tsakar gida, da tsinke a ƙasa. Kalmar farko da ja'irin ya zana mini, sunansa ce. Ya ce, "Inna, karanta." Na ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri!" Ya yi ta dariya, ya ce wata rana zan faɗa.

Duk sanda na kawo nan, harshena sai ya tsaya cak. Mashkura, abin yana cina. Yaron nan ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

Goggonki

Taura, Asabar da yamma

Mashkura,

Salamu alaikum. An yi taro lafiya. Numfashin na manta shi, gaisuwar ma na ɗan ja ta, ki yi haƙuri. Fuska ɗaya kuwa ban samu ba, sun yi yawa, duk sai suka narke mini. Da na ɗaga kai sai idona ya sauka kan allon da aka kafa bisa ƙofa. Baƙaƙen nan ne dai na tsakar gida, an yi musu fenti.

Na ba da labarin har inda ya ce, "Inna, karanta." Sai na karanta.

In an ce miki na kira sunan ɗan fari a gaban jama'a, ki ce ba kira na yi ba, karatu ne.

Abdulwahab. Ashe haka yake da daɗi a baki. Sauran mintina ɗaya ina tsaye ina jira ya amsa.

Ki huta lafiya.
Goggonki Safiyatu