Hoton Ƙwaƙwalwar Tsohuwa

Litinin, 3 ga Maris

Manajan gini ya liƙa sanarwa a bakin matakala: ranar Asabar za a yanke wutar ginin gaba ɗaya, daga safe har yamma, za su canza babban allon wuta. Janareto ma ta cikin allon yake bi. Batiranmu kuwa ko awa ɗaya ba sa kaiwa. A tsaye na karanta.

Bari in rubuta shi a fili, ko kaina ya daina juyawa. Tsohuwa, kamar yadda Yaya, wana kuma shugabana a aiki, ke kiranta, kwamfuta ce marar jiki, tana zaune a cikin babbar na'urarmu kamar 'yar haya. Ita ke riƙe da bayanan ma'ajiyar jini: wa ke da wane irin jini, lambar wayarsa, wace jaka aka gwada, wacce ba a gwada ba. Faifanta a kulle yake. Yaya ya buɗe shi da kalmar sirri ranar da ya kunna ta, shekarun baya, kuma tun daga nan ba ta taɓa mutuwa ba. Muddin tana kunne, makullin yana cikin ƙwaƙwalwarta. Ta mutu, ya tafi. Ajiyar da muke yi a gefe ma da makullin nan aka kulle ta, don tsantsenin Yaya har ya yi yawa.

Kalmar wuri biyu take: kan Tsohuwa da kan Yaya. Yaya kuma yana gadon asibiti tun watan jiya, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ba ya fitar da komai sai "to".

Talata, 4 ga Maris

Na roƙi manaja ya ɗaga ranar. Ya ce masu aikin sun riga sun shirya, kuma ba mu kaɗai ba ne a ginin. Wai kwamfuta ai kashewa ake a kunna, shi ma haka yake wa tasa. Na danne zuciyata na fito.

Da yamma na je asibiti. Na kai bakina kunnen Yaya na tambaye shi kalmar. Ya dube ni, ya ce to. Na miƙa masa wayata ko zai nuna haruffa da hannun hagu, ya riƙe ta kamar bai taɓa ganin waya ba. Na sake tambaya, ina jin da ƙarfi na yi. Anti, matarsa, ta ja ni waje.

"Auta, dubiya kike zuwa ko bincike?"

Haushinsa nake ji, gaskiya ke nan, kuma ina jin kunyar haushin. Tun da na gama karatu nake aiki a ƙarƙashinsa. Ni ce jan waya, ni ce amsa ƙorafi, amma duk sanda na nemi kalmar sai ya ce da saurana. Allon Tsohuwa ma hana ni taɓawa ya yi, har yau baƙi ƙirin yake yadda ya bar shi. Ko safiyar da ya faɗi, kirana ya yi daga ɗakin na'ura, wai in na sauke waya in zo in sa hannu. Na ce a raina wata takardar ce kuma. Da na shiga, a ƙasa na same shi, gefen doguwar kujerarsa.

Laraba, 5 ga Maris

Hanya ɗaya ta rage: in ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Tsohuwa tana kunne. A kwafe duk abin da ke kanta a daidai wannan lokacin, har da makullin, a ajiye a fayil. In wuta ta dawo a mayar mata, ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta ma san an yi dare ba. A kan ƙananan na'urori na sha yi. A kanta ban taɓa ba.

Na gwada da hantsi. Kuskure. Lokacin ma'aikatan jini na tsakiyar aiki, duk abin da na kwafa sai ya canza kafin in kai ƙarshe, na'urar ta koma ta sake kwafa. Kamar shara ana iska. Fayil ya yi ta kumbura, wurin ajiya ya kusa cika, sai Tsohuwa ta daskare. Ba ta mutu ba, ba ta kuma motsi. Wayata ta yi ƙara, Likita ce, shugabar ma'ajiyar. Ta ce allonsu ya tsaya, ga mota a bakin ƙofa tana jiran jini. Na ce yanzun nan. Na soke aikin, na zuba wa ɗigon da ke nuna lafiyarta ido har ya koma kore.

Na kira Likita na ce allonsu ya dawo.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau na kusa kashe Mama da bakina.

Ina ɗakin girki ina yi wa Likita bayani a waya. Na ce hoton ƙwaƙwalwar bai yi ba, rabinsa ya lalace, kuma in ba a yi sa'a ba Asabar ce ƙarshe. Sai na ji cokali ya faɗi. Ashe Mama na bayana. Jiya aka yi wa Yaya hoton kai a asibiti, ni na ma manta.

Ta zauna a ƙasa, a wurin. Ba ta yi kuka ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ta ce, "Su suka gaya miki Asabar?"

Na durƙusa ina rantsuwa cewa na'ura nake nufi, Tsohuwa, ba Yaya ba. Ta ce wace tsohuwar kuma, tsohuwar wa? Sai da na kira Anti ta faɗa mata da bakinta cewa sakamakon ma bai fito ba. Da ta dawo hayyacinta ta dungure min kai, ta ce mu nemo wa kayan aikinmu wasu sunayen, mu bar wa mutane ƙwaƙwalwarsu. Dariya ta kama ni, daga nan ta juye kuka, ita ce ma ta koma lallashina.

Likita ta yarda gobe da rana kowa ya ɗauke hannu daga kwamfuta na ɗan lokaci, su yi da biro. Na saka sabon faifai, fili har ya yi yawa.

Ban je asibiti ba. Ba ni da abin da zan ce masa in ba tambayar nan ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Likita ta kira ta ce sun ɗauke hannu. Na danna.

Ɗakin na'ura sanyi, ni gumi. Layin da ke nuna ci gaban kwafin ya yi ta tafiya, ya tsaya kusa da ƙarshe, wurin da dole Tsohuwa ta ɗan ɗauke numfashi a kwashe ragowar. Ni ma na ɗauke nawa. Sai ya cika. Kore.

Hoton da ba a gwada ba, ba hoto ba ne, haka Yaya ke cewa. Na kai fayil ɗin kan wata na'urar, na zare mata wayar intanet don kada kwafin ta yi karo da Tsohuwa, na tashe ta. Ta farka. Bayanan jini duk suna nan, a buɗe. Na kifa kai a tebur na daɗe.

Sai dai na san faci ne. Ranar da Tsohuwa ta yi tuntuɓe da kanta, dole a nemi kalmar.

Ina zaune sai idona ya kai kan baƙin allon nan. Wannan kwafi ce, in na ɓata ta ba asara. Na taɓa maɓalli ɗaya, allon ya haska.

Aikin Yaya ne, na safiyar da ya faɗi, yana nan yadda ya bar shi. Umarnin ƙara makulli na biyu. Na'urar ta nemi tsohuwar kalma, ya riga ya ba ta, ta karɓa. Layin ƙasa yana cewa a shigar da sabuwa, wani ɗan ɗigo yana ta ƙiftawa. A ƙarshen umarnin ya rubuta sunan mai makullin da ƙananan haruffa: auta.

In zo in sa hannu.

Daga baya na shigar da kalma a kwafin, na kashe ta gaba ɗaya, na kunna. Ta tambaya, na ba ta, ta buɗe. Sannan na je gaban ta gaskiyar. Ita ma tana nan tana jira, tun watan jiya. Na yi kuskuren rubutu sau biyu don ba na gani sosai.

Asabar, 8 ga Maris

Na sake ɗaukar hoto da sassafe don ko-ta-kwana, sannan na kashe Tsohuwa da hannuna. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru ba. Manaja ya leƙo ya ce ai ya gaya min, kashewa ake a kunna. Na ce haka ne.

Wuta ta dawo kafin magariba. Ta tambayi kalma. Ta buɗe. Likita ta turo saƙo: lafiya lau.

Lahadi, 9 ga Maris

Barci.

Litinin, 10 ga Maris

Na je asibiti jiya da yamma, ban rubuta ba. Sakamakon hoton kan ya fito. Sun ce magana za ta iya dawowa kaɗan-kaɗan, aiki kuwa kada mu sa rai. Anti ta faɗa min a baranda, ta dube ni ko zan ce wani abu. Na karɓi abin yanke farce daga hannunta na shiga.

Na yanke masa farce, na shafa masa mai a hannun da ba ya motsi. Na ce, "Yaya, na sa hannu." Ya daɗe yana kallona. Ya ce to. Ban sani ba ko irin na kullum ne. Ban sake tambayarsa komai ba.

Yau na kai wa Likita makulli na uku a ambulan rufaffe, ta sa a akwatin ƙarfensu. Hoton Juma'a kuwa ya kamata in goge, makulli ne a buɗe ga duk wanda ya same shi. Na kulle shi, na ajiye. A cikinsa Yaya bai daɗe da tashi daga kujera ba, ɗigon nan yana jirana. Zan goge, ba yau ba.

Na rage tsawon kujerarsa. Bayana ne ke ciwo a kan tawa, ba wani abu ba.