Saniyar Kawu da Buhunan Leda

Litinin, 6 ga Maris, 2006
Malaminmu na kwaleji ya ce kowa ya gwada wata sana'a a hutun nan. Tawa ita ce in bi gidajen Getso, duk matar da ta tara min buhun leda in ba ta sabulu, in ta taru in kai wa masu narkawa a Kano. Da tsadar sabulun nan, mata har rububi suke. Kuma gidan da namiji ba ya shiga, ni ina shiga.

Baba bai so ba. "'Yar makaranta da yawon bola? Na ji wata magana a kanki, kin gama karatu." Shi kuwa ba ya faɗa sau biyu.

Asabar, 11 ga Maris
Buhu tara. Ina ajiyewa a tsohon ɗakin da ke bayan garken Kawu Ja'afaru, ƙanen Inna. Ƙofar ba sakata, da igiya nake ɗaurewa.

Alhamis, 16 ga Maris
Na tarar da ƙofar a buɗe. Jiya ina sauri kar magariba ta yi min a waje, ban ɗaure ba. Buhu biyu a yage, waɗanda ledar gishiri da ta ƙuli-ƙuli ta fi yawa a ciki. Ga sawun kofato har tsakiyar ɗaki. Rani ne, dabba me ta gani ba za ta lasa ba?

Na ɗauko tsintsiya na share sawun. Ni Naja'atu, da hannuna.

Lahadi, 19 ga Maris
Farar saniyar Kawu, wadda ya gada wajen mahaifinsa, ta daina tuƙa. Cikinta ya kumbura. An ba ta kanwa, shiru. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Talata, 21 ga Maris
An yanka ta kafin ta mutu. Mahauci ya fasa tumbin, ya yi ta zaro leda a cure kamar tsumma. Kawu yana tsugune a gefe. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni. Naman da aka aiko mana ban iya ci ba, na ce wa Inna zazzaɓi nake.

Laraba, 22 ga Maris
Ban fita ba. Duk sallamar da na ji a zaure sai gabana ya faɗi.

Juma'a, 24 ga Maris
Kawu ya zo. Bayan masallaci, da buhu biyu ɗaure a keke. Na laɓe bayan ƙofa ina jiran a kira ni.

An kira ni. Kawu ya ce wa Baba, "Alhaji, yarinyar nan ta fi mu hankali. Ledar da ke yawo a hanya ce ta kashe min saniya. Ga wannan, da kaina na tsinto mata. Na kuma roƙi liman ya ja hankalin mutane."

Baba ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Rabon da ya faɗa min haka na manta.

Na buɗe baki in faɗi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Na gode, Kawu."

Litinin, 3 ga Afrilu
Buhu arba'in, har daga garin Kara ake aikowa. Jibi zan koma makaranta. Na gama rubuta bayanin da zan miƙa wa malam. A wajen da aka ce a faɗi matsalolin da aka samu, na rubuta tsadar mota da ƙarancin buhuna. Na karanta sau biyu, ban ga abin gyarawa ba.