Tsohon da Ya Zauna Kusa da Mu a Opera

Mansura, Masar

Zuwa ga yayana Hazim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Dalal da yara. Allah ya tsare ku daga sanyin Montreal ɗin nan da kake ba mu labari, ya sa albarka a aikinka. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana Sabri yana ta fama da shagon magani, 'yarmu Jumana ta shiga ajin ƙarshe ta daina kula kowa sai littafi, Goggo Afaf kuma gwiwarta ta yi sauƙi har ta koma saukowa daga bene tana yi wa mai gadi faɗa. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon waya, don duk lokacin da ka kira Baba ne yake ɗauka, ya ce maka kowa lafiya, ya miƙa wa Mama ta yi maka addu'a, a kashe. Ni kuma da na ji muryarka sai maganar ta maƙale mini. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ka san tafiyar da Baba da Mama suke yi Alƙahira duk shekara don kallon opera, wasan kwaikwayon nan na waƙa, tun kafin a haife mu. Kai ne ma kake cewa ba za ka ƙara bin su ba, wai 'yan wasan ko ruwa za su roƙa sai sun rera shi da waƙa. Tun da cutar mantuwar nan ta kama Mama suka daina zuwa. To watan jiya Baba ya shigo gidana da tikiti uku, ya ce za a yi wasanni biyu na soyayya, Alhamis da Juma'a, kuma zai kai ta. Na ce masa likita ya ce kada a riƙa sauya mata wuri. Ya ce, "Likitan nan yaushe aka haife shi? Matar da ta ƙare rayuwarta tana koya wa 'yan mata kiɗa, ita za a ce kiɗa zai yi wa illa?" Sabri ya so ya mayar da abin wasa, ya ce Baba ai wasannin nan duk wanda ya ce ina sonki mutuwa yake yi, ku tafi bakin teku mana ku sha iska. Baba bai yi dariya ba. Na ga ko da ni ko ba ni zai tafi, sai na haɗa jakata.

Mun hau jirgin ƙasa ranar Alhamis da safe. Mafi yawan hanya Mama tana kallon gonaki ta taga, lokaci-lokaci ta tambaye ni ko na rufe gas. Muka sauka a ƙaramin otal ɗin nan na tsakiyar gari da suka saba, su ɗaki ɗaya, ni ɗakin da ke kusa. Da yamma na sa mata shuɗiyar rigarta, na gyara mata gashi, Baba ya fito da baƙar kwat ɗinsa wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa. Ban lura da yadda ya rame ba sai ranar.

Yaya, abin da ya faru a zauren nan zan so a ce ka gani da idonka. Ana rage fitilu, masu goge suka fara, sai Mama ta miƙe zaune sosai, yatsunta suka soma motsi a kan cinyarta. Da jarumar ta fito, leɓen Mama yana bin waƙar, kalma bayan kalma, da Italiyanci, matar da ranar nan da safe ta kasa tuna sunan cokali. A hutun tsakiya ta juya ta dubi Baba ta ce, "Injiniya, yau ba ka yi barci ba? Ko kunnen katakon ya fara ji?" Ka san tsokanar da take yi masa ke nan tun muna yara. Ta kama hannunsa ta ce jarumin yana da murya amma ƙiba ta hana shi durƙusawa da kyau, ta kuma tambaye shi ko ya tuna shekarar da ya yi minshari har wata Baturiya ta zungure shi da mafici. Da aka tashi, hannunta cikin nasa muka fito. A mota Baba ya riƙa juyowa yana ce mini, "Kin gani? Kin gani, Rabab? Sai ki je ki gaya wa likitanki." Wallahi ni ma na yarda. Na yi ta godiya ga Allah a zuciyata.

Da safiyar Juma'a ina haɗa shayi sai na ji ihu. Na fito da gudu na tarar da Mama a bakin ƙofarsu, ta ƙudundune da bargo, tana kururuwa wai ƙato ya shigo mata ɗaki. Baba ya biyo ta daga banɗaki, daga shi sai singileti, rabin fuskarsa kumfar sabulu, reza a hannu, don aski yake yi. Ma'aikatan otal biyu da suka hawo suka ga tsoho da reza da mace tana ihu, ba su tsaya tambaya ba. Ɗaya ya murɗe masa hannu ta baya, ɗaya ya danna shi jikin bango har tabaransa ya faɗi ya fashe. Mutane suka firfito daga ɗakunansu suna kallo. Baba bai yi kokawa ba, abin da yake ta faɗa kawai shi ne, "Ni'imat, ni ne. Ni ne, Adli." Ita kuma ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Wa ya gaya maka sunana? Mijina yana zuwa, zai yi maganinka, tsohon banza." Ta tofa masa yawu.

Na shiga tsakani ina rantsuwa cewa mahaifina ne, mijinta ne, ba ta da lafiya. Da suka gane, wanda ya murɗe shi ya sake shi ya hau sumbatar kansa yana cewa, "Ka yafe mini Alhaji, kamar ubana kake." Baba ya ce ba komai ɗana, aikinka ka yi. Ya sunkuya yana tsince gilashin tabaran. Na kai Mama ɗakina, na ba ta maganinta, ta sha shayi, cikin ɗan lokaci ta manta da komai, har tana tambayata me ya sa idona ya yi ja.

Da ta samu barci na je na same shi. Ya sa rigarsa yana zaune a bakin gado, wuyan hannunsa ya kumbura. Na ce mu kama jirgin rana mu koma gida. Ya ce a'a, akwai wasan dare. A nan raina ya ɓaci, Allah ya yafe mini, na ɗaga masa murya. Na ce sai an kashe shi a garin mutane zai haƙura? Sai ya ce mini a hankali, "Ai ba yau ta fara ba." Yaya, ashe tun bazara a falo yake kwana, a kan doguwar kujera. Takan kulle ɗaki ta hana shi shiga, wani lokaci ta jefe shi da abin da ta samu. Tabon goshinsa da ya ce mana ƙofar kabad ce, kofi ne. Ya ɓoye mana ne don ya san za mu raba su. Ya ce, "Jiya ta dawo, da idonki kin gani. Kiɗan ne ya dawo da ita. Ki bar ni in ƙara gwadawa sau ɗaya, in bai yi ba na bar miki hukunci." Ya tashi ya tafi masallaci da hannun a haka, ko ɗaure shi bai yarda an yi ba.

Da yamma muka tafi. Ta ƙi shiga mota sai da na ce mata wannan Alhajin abokin Sabri ne, hanyarmu ɗaya. Ta ja mayafinta ta rufe kai sosai. A zauren na zauna a tsakiya, ita a dama, shi a hagu. Aka fara. Baba ba ya kallon dandamali, ba shi da tabarau ma balle ya gani, fuskarta kawai yake leƙe ta gabana. Yatsunta suka yi motsi kamar jiya, leɓenta ya bi waƙar kamar jiya. Ya jira. Aka yi hutun tsakiya, ta juyo, sai ta ce mini in tambayi Alhajin nan me ya sa yake ta kallonta, ba shi da kunya ne. Ya sunkuyar da kai. Na ce masa a kunne mu tafi, ya girgiza kai.

Wajen ƙarshen wasan, lokacin da jarumar take mutuwa a hannun masoyinta, na ji kujerar Baba tana girgiza. Kuka yake yi, irin wanda ban taɓa gani ba ko ranar da aka binne Kaka. Ya toshe baki da hannu amma sautin yana fita, har na gabanmu suka waiwayo. Mama ta leƙo ta dube shi. Ta buɗe jakarta, ta ciro hankici, ta miƙa masa ta gabana. Ta ce, "Haba Alhaji, wasa ne fa. Ana sauke labule za ta tashi ta karkaɗe rigarta." Ya karɓa ya yi godiya. Ta ce, "Kai kaɗai ka zo? Ina uwargida?" Ya ce, "Ba ta samu zuwa ba." Ta ce, "Ayya. Ni ma mijina bai zo ba, aiki ya riƙe shi. Ba ya gane komai a kiɗa, amma bai taɓa bari na zo ni kaɗai ba sai yau." Ta mayar da idonta kan dandamali. Mutane suka tashi suna tafi, mu biyu muka kasa tashi.

Ranar Asabar a jirgi, mun wuce garin Banha, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Ki gyara mata ɗakin Jumana." Da muka iso an duba hannun, tsagewar ƙashi ce, an ɗaure shi.

Yanzu Mama tana gidana, Jumana ta koma falo ba ta yi ƙorafi ba, Allah ya yi mata albarka. Baba yana can shi kaɗai, ya ƙi Goggo Afaf ta zo ta zauna da shi, abincin da nake aikawa sau da yawa haka yake dawowa. Kullum bayan la'asar yakan sa kwat ya zo, ya buga ƙofa kamar baƙo. Ta sa masa suna Alhajin opera. In ya zo sai ta yafa mayafi, ta zauna a kujerar nesa, ta ce in kawo wa baƙo shayi. Sai ta yi ta ba shi labarin mijinta Adli, yadda ya gina gadoji a ƙauyuka, yadda yake sa sukari cokali huɗu yana cewa biyu ne. Shi kuma yana cewa, "Allah sarki, mutumin kirki ne ke nan." Takan ce, "Da dama dai, sai taurin kai." In ya daɗe sai ta soma duban ƙofa, ta ce masa ya kamata ya tafi kafin maigidan ya dawo, ba ya son ya tarar da maza a gida. Sai ya miƙe, ya yi sallama, ya tafi. Shekaranjiya na leƙa ta taga na gan shi zaune a matakalar ƙofar gini, bai iya ƙarasawa titi ba.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba, na san nisa, na san aiki da makarantar yara. Likita ya ce abin gaba zai riƙa yi, ba baya ba. Ni ma yanzu wata rana Rabab ce, wata rana ƙanwarta Su'ad ce da ta rasu tun ba a haife mu ba. Amma kai har yanzu tana riƙe da kai. Jiya ta ga hotonka a bango ta ce, "Hazim ne wannan, me ya hana shi zuwa ya gaishe ni?" Ban san har yaushe za ta iya faɗin haka ba. Kada ka jira hutun bazara. Ka zo tana iya kiran sunanka, kuma ka zo don Baba, yana bukatar wanda zai zauna da shi a gidan can ko ba za a yi magana ba. In kun yi waya kada ka nuna masa na gaya maka abin da ya faru a otal, ya roƙe ni kada kowa ya ji.

Ka gaishe mini da Dalal da kyau, ka ce mata rigar sanyin da ta aiko Mama ba ta rabuwa da ita. Ka sumbaci Mazin da Lujain a madadina. Sabri da Jumana suna gaishe ku, Goggo Afaf ma ta ce a gaishe ka, ta ce kuma ba ta yafe maka rashin kiranta da Sallah ba. Ku sa iyayenmu a addu'a. Allah ya ba Mama sauƙi, ya ba Baba haƙuri, ya kawo mana kai lafiya.

Ƙanwarka mai jiran zuwanka,
Rabab